Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Lokaci-lokaci ƙungiyoyin raya al'adu da makarantu kan shirya zaman horo na ƴan kwanaki domin koya wa matasa fentin mai da fentin ruwa. Niyyar mai kyau ce, ba mai musun haka. Amma duk wanda ya halarci bikin rufe irin wannan zama, ya dubi abin da aka rataye a bango, zai ga aibi guda yana maimaituwa. Ko hoton na mai tallan fura ne, ko na raƙumi a bakin rijiya, hasken da ke cikinsa baƙo ne. Yana shigowa daga hagu, a karkace, a sanyaye. Inuwa ta miƙe doguwa zuwa dama, baƙa ƙirin kamar an zubar da tawada. Wannan rana ba ta taɓa fitowa a Maraɗi ko Tawa ba. A littafi aka samo ta.

Asalin al'amarin sananne ne. Dabarar karo haske mai ƙarfi da duhu mai zurfi ta yi tashe a Turai a hannun gwanaye irin su Caravaggio na Italiya, wanda ya rasu a 1610, da Rembrandt na Holan, wanda ya rasu a 1669. A cikin ɗaki suka yi aikinsu, inda haske ke saukowa ta kafa guda, sauran wuri kuwa duhu. Makarantun zane na baya suka mayar da wannan ƙa'ida: haske daga sama ta hagu, inuwa ta dama. Ƙa'idar ta dace da sararin samaniyarsu. A Amstadam, birnin Rembrandt, rana ba ta wuce digiri 61 a sama ko a tsakiyar bazararsu, a lokacin sanyi kuwa da ƙyar take kai digiri 14. A Damagaram, ko a watan Disamba rana takan kai kusan digiri 53 da tsakar rana, kuma sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, takan tsaya daidai bisa kai har mutum ya taka inuwarsa. Malamin da ya raba wa ɗalibai kwafin hoton tuffa da kwalbar giya a bakin taga, ya ce su kwaikwaya, ya koya musu rufe ido ga abin da ke gabansu.

Abin da ke gabansu kuwa ilimi ne mai faɗi. Da tsakar rana inuwa gajera ce, tana maƙale a ƙarƙashin haɓa da malafa da bakin rumfa. Yashi yana mayar da haske sama, shi ya sa gindin katanga a ɓangaren inuwa yake ɗaukar launin ja-ja, saman inuwar kuma ya ɗauki shuɗin sama. Da hunturu, idan hazo ya sauka, rana takan zama farin faifai, gefen inuwa ya narke, nesa ta ɓace. Da damina bayan ruwa, iska ta wanke, kowane gefe ya fito da kaifi. Gawo yana ba da inuwa da rani, ya kaɗe ganyensa da damina. Ɗan makiyayi ya san wannan tun yana yaro, amma ɗalibin da ya karɓi takardar shaidar kammala horo sai a tarar bai taɓa sanya shi a takarda ba. Mafi muni shi ne fuskar mutum: yaro ya tashi zana mahaifiyarsa, ya gauraya launin ƙasa da baƙi, fuskar ta mutu, alhali fata baƙa madubi ce da ke karɓar shuɗin sama a goshi da jan ƙasa a ƙarƙashin kumatu.

Su kansu kayan aikin suna buƙatar a fahimce su bisa yanayin ƙasa. Fentin mai da fentin ruwa hanyoyi biyu ne masu saɓawa. A na mai, ana farawa daga duhu a tafi zuwa haske, inuwa a shafa ta siririya, haske a ɗora shi da kauri daga ƙarshe. A na ruwa, farin takarda shi ne hasken. Wanda ya rufe shi ya rasa shi, don haka ake farawa daga launi mai sauƙi a tafi zuwa mai duhu. Littafin da aka rubuta a ƙasa mai laima yana cewa a jiƙa takarda a yi aiki a tsanake. A Damagaram cikin watan Maris, kafin buroshi ya koma kwano shafin farko ya bushe, ya bar zobe mai kaifi inda ake son laushi. Fentin mai kuma yakan yi kwanaki kafin ya kama, ƙurar hunturu tana manne masa. Waɗannan matsaloli su ne darasin farko, amma sau nawa ake ambatonsu? Ba a ma gaya wa ɗalibi cewa abin da ke riƙe launi a fentin ruwa ƙaro ne, wanda ake tsinka daga dakwara a dajin Sahel, wanda malaman allo ke zubawa a tawada. Ana fitar da shi a buhu, ya dawo cikin ƙaramin akwati mai tsada, a karɓe shi kamar baƙon abu.

Abin takaici, Turawan da ake kwaikwayo ba haka suka yi ba. Delacroix ya je Maroko a 1832, ya cika littattafan aljihunsa da zanen fentin ruwa saboda hasken da ya tarar. Paul Klee da August Macke sun je Tunisiya a 1914 suka yi irin haka. Monet ya zana fuskar babbar majami'ar Rouen fiye da sau 30 tsakanin 1892 da 1894, don kawai ya kama sauyin haske daga safe zuwa yamma. Su sun ƙetare teku neman rana, masu rana kuma suna neman ta a kwafi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen. Suna cewa haske da inuwa al'adar Bature ce, ɗan Afirka ya tsaya ga shimfiɗaɗɗen launi da alamomin gargajiya. Maganar tana kama da kishi, amma raini ce. Mai wannan ra'ayi ya shiga unguwar Birni a Damagaram da hantsi, ya dubi zayyanar da magina suka tayar a fuskar zaure. Adon da aka tayar da laka, inuwa ce ke fito da shi: da safe ya yi magana, da tsakar rana ya yi shiru, da la'asar ya sake wata magana. Masallacin Yaama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da itatuwanta da ke jefa inuwa a jikinta, shaida ne cewa masu ginin ƙasa sun daɗe da sanin aikin rana. Hana matashi wannan ilimi da sunan al'ada, hana shi gadonsa ne.

Za a ce kayan aiki na da tsada, kwanakin horo kaɗan ne. Gaskiya ne, amma ba hujja ba ce. Gawayi da takarda sun isa a koyi raba abu zuwa haske da tsaka-tsaki da duhu. Tulu guda a tsakar gida, a zana shi da hantsi, da azahar, da la'asar, ya fi kwafi ashirin amfani. A fitar da ɗalibai daga aji zuwa kasuwa da bakin tafki. A gayyato magini ya zauna kusa da malamin zane. A nuna Rembrandt, a bayyana dalilin da haskensa ya zama haka, sannan a rufe littafin. Ƙungiyar da ke biyan kuɗin horo kuma tana da haƙƙin tambayar mai horarwa, tun kafin a fara, awa nawa za a yi a waje.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi su ne ke riƙe da wannan amana. Gidajen laka na rushewa, siminti da kwano na maye gurbinsu, kuma inuwar kwano daban take da ta soro. Idan ƴaƴan ƙasa ba su koyi ganin haskenta ba, masu zuwa gaba za su gāji hotunan garuruwan Nijar da aka haska da ranar wata ƙasa, su ɗauka haka kakanninsu suka rayu.