Zauren 'Yan Mata: Garantin Da Bai Ƙetaro Teku Ba

Na ga saƙonninku, masu tambayar ina aka kwana game da kashi na uku na littafina ku ƙara haƙuri, yana nan tafe. A wannan watan dai ba hirar soyayya na zo muku da ita ba. Labarin wata asara ce da na tafka da hannuna, na ce bari in ba ku, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da aka sa ranar auren ƙanwata mai bi mini, sai aka zauna rabon kayan ɗaki. Hajiyarmu ta ɗauki gado da kujeru, gwaggonni suka ɗauki kayan kicin, ni kuma na yi caraf na ce, "Kayan sauti nawa ne." Lokacin 'yan kuɗin littafi sun shigo, ina jin kaina. Ina cikin latse-latsen waya kuwa sai na ci karo da wata hom tiyata a wani shagon intanet na Amurka, sifika biyar da babbar wufa, baƙa wuluk sai sheƙi take, an yi ragi, ga shi an rubuta ɓaro-ɓaro wai akwai garantin shekara 1.

Yayanmu ya ce, "Ke dai ki shiga Sabon Gari ki saya a hannun dila, ki huta."

Na ce, "Haba Yaya, irin wadda ke ɗakin kowace amarya? Ni wadda ba a taɓa gani ba a unguwar nan nake so."

Ya girgiza kai ya yi tafiyarsa. Ashe kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shagon ba ya aiko kaya Najeriya, don haka na bi ta hannun masu kago, waɗanda ke ba mutum adireshi a can su karɓar masa kaya su auno da kilo. Na biya kuɗin kaya, na biya na awo, na biya na fito. Sai da aka yi sati shida cur sannan kwalin ya iso. Ni kuma don in ba da mamaki ko buɗewa ban yi ba, na tura shi ƙarƙashin gado sai ranar jere.

Ranar jere ɗaki ya cika maƙil da mata, har da wasu daga dangin ango. Aka fito da kaya ana ta santi. Da aka zo jonawa sai fulogin ya ƙi shiga soket, don bakin na Amurka siriri ne falle-falle, namu kuwa mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Aka aiki yaro ya sayo adafta. Ana jonawa sai muka ji "fat!" Sai hayaƙi, sai ƙauri. Ɗakin ya yi tsit. Can sai wata gwaggonmu ta ce, "To 'yar boko, shi ke nan kiɗan Amurkan?" Aka kwashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙanwata ta riƙo hannuna tana cewa, "Yaya ba komai, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri," amma ni na ga ƙwalla a idonta.

Washegari na kinkimi abin sai wajen mai gyara. Yana juya bayansa ya nuna mini wani ɗan rubutu: 120V. Ya ce, "Hajiya, wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Adafta bakin fulogi kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Kin ɗura masa kusan ninkin abin da zai iya ɗauka." Allah Ya saka masa, bai yi gaggawar kwancewa ba. Ya ce tunda akwai garanti in fara neman masu shi.

A nan ne fa na san inda gizo ke saƙa. Na rubuta wa shagon, suka ce kwana 30 suke bayarwa na mayar da kaya, kuma lissafinsu ya fara ne tun ranar da kwalin ya isa adireshin masu kago, don haka wa'adi ya wuce tun kayan na hanya. Suka tura ni wajen kamfanin da ya ƙera. Su kuma suka amsa cikin ladabi, amma amsar ta fi mari ciwo. Garantin nasu a cikin Amurka kaɗai yake aiki. Bai shafi kayan da aka jona wa wutar da ba tasa ba. Ko da ma laifin daga wajensu ne, ni zan biya kuɗin kai musu shi. Na je wajen dilan da ke sayar da irin kayan a nan gida, ya duba lambar jikinsa ya ce ba ta hannunsu ya shigo ƙasar ba, babu ruwansu da shi. Duk wannan bayani yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin, da ƙananan baƙaƙe. Ni ce ban karanta ba, kalmar "garanti" kawai na gani na hau.

Daga ƙarshe mai gyaran ne ya canza abin da ya ƙone, muka ƙara da sayen ɗan taransifoman rage wuta. Da na haɗa lissafi, abin da na kashe ya isa in sayi ta Sabon Garin har in ƙara wa amarya da firji ƙarami.

To ƙawata, kafin ki danna "saya" a shagon wata ƙasa, ga abin da wahala ta koya mini.

Na farko, ki tambayi wa ya ba da garantin, kuma a ina yake aiki. Akwai na shago, akwai na kamfanin da ya ƙera, ba ɗaya ba ne. Kamfanoni da yawa sun raba duniya shiyya-shiyya, garantin wata shiyya ba ya aiki a wata, wasu ma sai in a hannun dilansu na amana aka saya. Ki rubuta musu ki ce, "In ya lalace a Najeriya wa zai gyara?" Ki ajiye amsar. In sun yi shiru, shirun ma amsa ce.

Na biyu, ki duba maganar wuta. Amurka da Kanada 120 suke, Japan 100, mu da Nijar da Gana da Ingila da Dubai da Sin duk muna tsakanin 220 da 240. In kin ga an rubuta 100-240V, wannan kowace wuta yana sha. Amma manyan amfilifaya da wufa sau da yawa wutar ƙasa ɗaya aka yi su da ita. Ko kuma wutar ta dace, ki haɗa da sitabilaiza, don akasarin takardun garanti sun cire ɓarnar da hawa da saukar wuta ke yi.

Na uku, ki lissafa kwanaki. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai sayayya ta intanet kwana 14 ya fasa, a Tarayyar Turai kuma mai sayarwa na ɗauke da alhakin aibin kaya har shekara 2. Doka ce mai kyau, amma ga wanda zai iya mayar da kayan cikin sauƙi. Ke da kwalinki zai yi makonni a hanya fa? Sannan kayan da aka gyara aka sake sayarwa garantinsu gajere ne, wani kwana 90 kacal.

Na huɗu, ranar da kaya ya iso ranar za ki buɗe. Ki ɗauki bidiyo tun daga yanke kwali, ki gwada kowace sifika, ki adana rasit da kwalin da lambar jikin kayan. Kar ki yi irin nawa na ajiya ƙarƙashin gado. Kar kuma ki bari a kwance shi kafin ki ji ta bakin masu garanti.

Na biyar, ki tuna wa za ki kai ƙara. A nan gida akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda aka sa wa hannu a 2019, da hukumar FCCPC da ke karɓar koke, kuma dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi. Dilan da ke da shago a garinku ana iya kiransa ya amsa, ko ba hukuma ma akwai shugabannin kasuwa. Shagon da ke bayan teku, ba ofis ba wakili a nan, wa zai kamo miki shi?

Ba cewa na yi kar a sayi komai daga waje ba. Ƙaramin abu mara nauyi, wanda in ya lalace ba zai hana ki barci ba, bismilla. Amma babban kaya mai cin wuta, wanda kika yi wata da watanni kina zubin adashi a kansa, ki saya inda ƙafarki za ta iya kai ki. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Da na gama ba Hajiyarmu labarin yadda muka ƙare da kamfanin, sai ta yi murmushi ta ce, "Ke da kike rubuta littattafai kina gargaɗin 'yan mata a kan samarin da ba a san asalinsu ba? Ai garanti alkawari ne, shi kuwa alkawari kafin ki karɓa sai kin san ƙofar gidan mai yin sa." Na rasa bakin magana.

Amarya dai tana ɗakinta lafiya, hom tiyata na ta kiɗa, gwaggo kuwa har yau in ta gan ni sai ta ce, "Ina labarin Amurka?" Duk wadda irin wannan ta taɓa samu ta rubuto mana mu ji, wata ta ƙaru. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.