RA'AYINMU: Idan Inna Ta Ce Ƙirjinta Na Ciwo



'Yan uwa, akwai abin da ke yawan faruwa a gidajenmu, daga Kaya zuwa Maradun, Bakura da Talata Mafara. Dattijuwa ta dafe ƙirji ta ce kamar an aza mata dutsen niƙa, a kai ta asibiti, a dawo a ce an auna ba a ga komai ba. Daga nan kowa sai ya zama likita. Wani ya ce olsa ce, wani ya ce iska ce, wani ma ya ce rakin mata ne kawai. Mu muna ganin wannan yanke hukunci ne ba da ilimi ba.

Zuciya tsoka ce, ita ma da jini take rayuwa. Manyan jijiyoyi suna kwance a jikinta, daga su ƙanana suke rarrabuwa su kutsa cikin naman, ba su kai rabin milimita ba a faɗi. Wanda ya yi noman rani a Bakolori ya san babban kanal yana iya cika taf, amma in ƙananan magudanai suka ƙi ba da hanya, shinkafar ƙarshen gona sai ta bushe. To, haka wannan ciwo yake. Lokacin da zuciya ke neman ƙarin jini, wajen daka ko ɗaukar ruwa ko ɓacin rai, sai ƙananan jijiyoyin su kasa buɗewa, ko su tsuke. Hoton jijiyoyi da likitoci suka saba ɗauka kuwa manyan kawai yake nunawa.

Har likitocin Turai da Amurka sun daɗe a ruɗe. A 1973 wani likita, Harvey Kemp, ya laƙaba masa suna "Ciwon X". Binciken WISE da aka fara kan mata a Amurka a 1996 ya nuna masu shi suna cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ba lafiya lau suke ba kamar yadda ake zato.

Ya fi kama mata, musamman waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu. Ciwon yakan wuce minti 10, yakan zo ko ana zaune, tare da haki da kasala da rashin barci. Hawan jini, ciwon suga, ƙiba da taba su ne ke share masa hanya. Masu busa sigari a cikinmu kada su ɗauka zancen mata ne kaɗai.

Kai ne mai babur, kai ne mai karatu a gidan, don haka nauyin yana wuyanka. A fara da awon jini da na suga a asibiti mafi kusa. In ciwon ya ci gaba, ka nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka faɗa wa likita yaushe ciwon ke tashi da tsawon lokacin da yake ɗauka. Akwai magungunan da ke sassauta shi insha Allahu, amma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba. A rage mata gishiri da kanwa, a kuma karɓe mata taɓarya.

In kuwa ciwon ya zo da gumi mai sanyi, ko ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, kada a tsaya jiƙa saiwa, a nufi asibiti nan take.