Mai Keke Da Hayaƙin Gari

Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, talakawa da dama a Kafanchan suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Madalla, tuƙa keke motsa jini ne. Amma fa mai keke ya fi na cikin mota jan numfashi, kuma abin da yake shaƙa tsakanin tasha da kasuwa hayaƙin acaɓa ne da na manyan motoci, ga ƙurar hunturu. Daga nan sai tari da tashin asma. Ku 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan kun fi kowa sanin wannan.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna ta keɓe wa kekuna gefen titi, ta kuma tsare duk motar da ke fesa baƙin hayaƙi.