Wasiƙa Zuwa ga Maharban da Suka Rungumi Bakan Zamani

Ina gaida Sarkin Baka da dattawan sana'a, amma maganata da ku ce, samarin da kuka fara sayo bakan Turawa mai tayoyi da kiban kabon.

Kibiyar kakanninmu kyauro ce marar nauyi, ba gashi a gindinta, sai ƙarfe mai kunne da aka shafe da dafin kwankwani. Aikinta ta huda fata ta maƙale, dafi ya ƙarasa sauran. Ta zamani ba ta da dafi. Sai ta ratsa haƙarƙari, ta yanke huhu da jijiyoyi, jini ya zuba, sannan gwanki ko ɓauna su faɗi. Wanda ya ɗauki wannan kibiya da tunanin waccan zai bar dabba da rauni ta shige dawa tana wahala.

Don haka ku daina ruɗuwa da gudun kibiya da masu talla ke yi wa kirari. Nauyi ake nema. Dokta Ed Ashby, Ba'amurken da ya fara gwada kibau a kan manyan namun daji a Natal ta Afirka ta Kudu cikin shekarun 1980, ya gano cewa kibiyar da ta kai giren 650, wato kusan giram 42, ta fi iya fasa ƙashi mai kauri. Ya kuma fifita ƙarfe mai baki biyu wanda aka wasa kowane baki ta gefe guda, domin yana murɗawa cikin ƙashi ya tsaga shi. Masu baki uku da masu buɗewa bayan sun shiga suna da kyau a ido, amma ni ba zan tunkari ɓauna da su ba.

Nauyin ma ya rinjaya gaba. Ku ɗora kibiya a kan yatsa: inda ta daidaita ya zama ya wuce tsakiya zuwa wajen ƙarfe.

Sai dai ƙara nauyin kai yana sa sandar kibiya ta ƙara lanƙwasa lokacin da tsirkiya ta sake ta, nan ne da yawa suke tuntuɓe. Lambar da kuke gani a jikin sanda, 400 ko 340 ko 300, ma'aunin taurinta ce. Ana ɗora ta kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya giram 880 a tsakiya, a auna lanƙwasarta. Ƙaramar lamba ita ce mafi tauri. In kun ƙara nauyin kai, ku koma ga sanda mai tauri ko ku rage tsawonta kaɗan-kaɗan. Kibiyar da ta iso a karkace ta zubar da ƙarfinta a bakin fata.

Bayan kun ɗaura ƙarfe, ku juya kibiyar a kan tsininta. In tana rawa, ku sake ɗaura ƙarfen. Kaifi kuwa, sai ya aske gashin hannu. Sandar kabon ku lanƙwasa ta kusa da kunnenku kafin harbi. In kun ji ƙara, ku jefar, don tana iya tarwatsewa ta shige hannu.

Kuma ku nemi lasisin farauta. Gandun dajin Yankari ba wurin gwajin kibiya ba ne.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a