Sunayen Unguwanni Darasi Ne ga Malamin Gobe

Duk wanda ya tashi daga Kawaji ya zaga Ƙaramar Hukumar Nassarawa da kewayenta, zai ji sunaye irin su Giginyu da Kawo da Tsamiyar Boka da Rimin Kebe. Idan ya tsallaka sauran sassan Kano, ga Ɗorayi da Kurna da Kasuwar Rimi. Waɗannan duk sunayen itatuwa ne. To amma yara nawa ne a makarantun Kawaji za su iya nuna kawo idan sun gan shi? Suna ya tsaya, mai sunan yana neman ɓacewa. A ganina, daga nan ya kamata malami ya fara koyar da kiyaye muhalli, ba daga dazuzzukan ƙasashen da yaro bai taɓa gani ba.

Abin da masana ke kira yalwar halittu mataki uku ne. Na farko shi ne bambanci a cikin jinsi ɗaya, kamar yadda dawa ta kasu zuwa kaura da farafara. Na biyu shi ne yawan jinsunan kansu, wato kuka da ɗorawa da gawo da jemage da ƙudan zuma. Na uku kuwa shi ne bambancin mazauni, kamar fadama da tudu da daji irin na Falgore. Muhimmin abin lura shi ne, waɗannan halittu sun dogara da juna. Jemagu ne kan ziyarci furen ɗorawa da na kuka da dare, su ɗauki ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, sannan itacen ya yi 'ya'ya. Ashe ke nan mai kashe jemage yana taɓa kalwa, mai taɓa kalwa kuwa ya taɓa daddawar miya. Haka ma ungulu, wadda kan kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Tun shekarar 2015 aka sanya irin wadda muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Wani zai ce ai ana dashen itatuwa kowace damina. Gaskiya ne, sai dai mafi yawan abin da ake dasawa darbejiya ce, wadda asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta. Ba a raina mata, domin tana da saurin girma da jure fari, ga inuwa mai sanyi. Amma ba ta ba da kalwa, ba a kaɗa miya da ganyenta. Unguwar da ta cika da itace iri ɗaya ta sami inuwa, ba ta sami yalwa ba, kuma ranar da wata cuta ta faɗa wa wannan iri, shi ke nan an yi asarar duka.

Akwai abin koyi a maƙwabta. Daga wajejen 1984, manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka rungumi dabarar barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, su rage shi, su raini mafi ƙarfi har ya zama itace. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Gawo na cikin itatuwan da suka yawaita, shi da yake zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Ba injin aka sayo ba. Sanin itacen gida ne ya yi aiki.

Saboda haka, ga shawara ga mai shirin shiga aji. Ya sa ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni asalin sunan unguwarsu, su rubuto sunayen itatuwa da tsuntsayen da aka sani a da, su ware waɗanda har yanzu ake gani. Ya nemi izinin shugaban makaranta a dasa tsamiya ko kuka ko ɗinya a harabar makaranta, a danƙa wa kowane aji itace guda ya yi masa shinge da ban-ruwa. Malamin Hausa ma yana da rabo, domin idan itace ya ɓace, sunansa da karin maganar da ke tattare da shi kan zama baƙi a kunnen yaro.

Fili ya yi tsada a Kawaji, kuma kuka ba ta girma a shekara guda. Wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce, dalili ne na fara aiki da wuri. Waɗanda suka bar mana rimi da giginya ba duka suka sha inuwarsu ba. Idan muka yi sake, jikokinmu za su gaji sunan Giginyu, sai dai su nemi giginya a hoton littafi.