Kyamara Mai Hoto Takwas

Tambayar wannan mako daga Gagarawa ta fito, daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare. Ya ce ana kwashe kayan wani kawunsa da ya taɓa yin sana'ar hoto, sai aka ci karo da wata ƙatuwar baƙar kyamara a ƙasan adaka, an rubuta Fujica GW690 a jikinta. Ba wurin batir, ba wurin caji, ba allon kallo. 'Yan gida sun ce a ba 'yan gwangwan, shi kuwa yana so ya ji ko da sauran amfani a jikinta.

Ƙanena, ka roƙi manya su dakata, kada a ɗora ta a sikeli. Kamfanin Fuji na Japan ne ya fito da ita a 1978, kuma har gobe masu ɗaukar hoto a duniya suna nemanta da kuɗinsu. Rashin batirin nan ba lalacewa ba ce. Haka aka ƙera ta, kamar tsohon agogon da ake yi wa wani.

Abincinta shi ne fim mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fara yi tun 1901, kuma har yau Kodak da Ilford ba su daina yin sa ba. Ƙaramin fim ɗin da iyayenku suka sani, mai hoto 36, kowane hoto a kansa milimita 24 ne da 36. A wannan kyamara kuwa hoto ɗaya yana cin wajen santimita 6 da 9, wato ya ninka wancan fiye da sau biyar. Shi ya sa a Japan aka riƙa ɗaukar taron jama'a da ita: mutum hamsin za su jeru, a wanke hoton, kowa ya gane fuskarsa. Sai dai girman nan ba kyauta ba ne. Naɗin fim ɗaya hoto takwas kacal zai ba ka. Wata 'yar'uwarta, Mamiya 7 ta 1995, goma take bayarwa, masu hoto murabba'i kuma sha biyu.

Yanzu ga inda na fi so ku nutsu, musamman 'yan ajin kimiyya. Waya ita take saita wa kanta hoto. Wannan kuwa kai ne za ka auna nisan abin da za ka ɗauka, kuma dabarar da take bi tana nan a fuskarka. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka kalle shi da idon dama kaɗai, sannan da na hagu kaɗai. Za ka ga yatsan yana tsalle. Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Yi haka da bishiyar da ke can bakin filin ƙwallo, da ƙyar za ka ga ta motsa. Ashe idanu biyu da ɗan tazara a tsakaninsu suna iya gane nisa.

To duba goshin kyamarar, za ka ga ƙananan tagogi na gilashi, ban da babban ruwan tabarau na tsakiya. Biyu daga cikinsu su ne idanunta. Idan ka leƙa ta baya, a tsakiyar abin da kake gani akwai ɗan tabo mai haske, a cikinsa kuma abu ɗaya ya zama biyu, kamar mai ganin jiri. Sai ka riƙa murɗa zoben nisa a hankali, wani ɗan madubi a ciki yana juyawa, siffofin biyu suna matsowa juna. Da zarar sun hau kan juna sun zama ɗaya, ka sami nisan, hoto zai fito tar. Abu mai miƙaƙƙen layi ya fi sauƙin saitawa: gefen ƙofa, sandar makiyayi, bakin hula. A farar riga ko shafaffen bango za ka yi ta murɗawa ba ka ga komai ba.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada ta. Nufi abu mafi nisa, kamar ƙarfen sabis na waya da ke can ƙarshen gari, ka murɗa zoben har alamar da ta yi kama da takwas a kwance. Idan siffofin sun haɗu, ma'aunin lafiya lau. Idan sun ƙi, sai mai gyara, kada ka sa mata sukudireba. Sannan buɗe bayanta, ka sa saurin ɗauka a kan daƙiƙa ɗaya, ka ɗana, ka danna, kana kallon ruwan tabarau ta ciki. Ya kamata haske ya shigo, ya tsaya kamar ka ce "ɗaya da ɗaya", ya ɗauke. Ƙura kuma a hure ta tukuna. Wanda ya goge gilashi da bakin riga alhali yashin hunturu na kai, ya zane shi har abada.

Sa fim yana buƙatar inuwa, domin fim na 120 ba shi da gwangwani, takarda ce kawai ta lulluɓe shi. Ƙwaryar zaren da babu komai a kanta tana gefen da ake naɗewa, sabon naɗi a ɗaya gefen. Ka ja bakin takardar ka soka a tsagar, ka naɗa har kibiyar da ke jikin takarda ta zo daidai da alamar da ke cikin kyamara, sannan ka rufe, ka ci gaba har lamba 1 ta bayyana. Ka tabbata an saita ta a kan 120, ba 220 ba. Bayan hoto na takwas ka naɗe takardar duka kafin ka buɗe, ka riƙe naɗin tam, ka liƙe bakinsa. Idan ya saki, haske ya shiga ta gefe, aikin ya tashi a banza.

Ba ta da ma'aunin haske, amma mu nan rana ba ta yi mana rowa, kuma akwai tsohuwar ƙa'ida mai sauƙi. A tsakar rana tarwai, sa ƙofar haske a kan 16, saurin ɗauka kuma a lambar da ta fi kusa da wadda ke jikin kwalin fim: fim mai 100 sai 125, mai 400 sai 500. Ranar da hazo ya rufe gari, buɗe zuwa 11. A ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya, 5.6 ko 4. Duk lokacin da ka sauko mataki ɗaya, hasken da ke shiga ya ninka biyu. Abu ɗaya da ke kunyata har ƙwararru: tunda ba ta cikin ruwan tabarau kake leƙe ba, za ka iya ɗaukar hoto da marfi a rufe kana ganin komai garau. Cire marfi ya zama farkon aikinka.

Zafi ma abokin gabar fim ne, ga shi a Gumel watan Afrilu yakan haura digiri 40. Kada a bar fim a aljihun babur ko ɗakin kwano. In akwai firij, a sa shi cikin leda a ƙulle. In babu, a nemi wuri mai sanyi a ɗakin ƙasa, nesa da danshi.

Me za a ɗauka? A nan ne nake ganin hoto takwas ya fi hoto ɗari uku na waya koyar da mutum. Malick Sidibé na Bamako da irin wannan faffaɗan fim ya yi aikin shagonsa, ko da yake tasa kyamarar Rolleiflex ce da ake leƙawa ta sama. Ba ya rasa abin ɗauka, don samari da 'yan matan garinsu ya sa a gaba, da adonsu da baburansu. A 2007 aka ba shi babbar lambar girma ta baje kolin zane-zane na Benis a Italiya. Mu ma ga kasuwar Maigatari kowace Alhamis, da raƙuma da shanun da ake korowa daga Nijar. Ga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gumel. Ga tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa a kan layin Kano zuwa Nguru, ga masussukar gero a ƙauyukan Sule Tankarkar. Amma dawaki a guje ba aikin ɗan koyo ba ne da wannan kyamara. Fara da dillali a zaune ko maƙeri a bakin aiki, kuma kada ka matsa ƙasa da mita ɗaya, ba ta iya saita abin da ya fi haka kusa.

Ka yi sallama, ka nemi izini, wanda ya ce a'a ka ƙyale shi, balle matan mutane. A Maigatari kuma kada ka kuskura ka nufi shingen iyaka ko jami'an tsaro da kyamara.

Fim yana da tsada, don daga waje ake kawo shi, saboda haka kada ka saya sai ka san wanda zai wanke maka. Kafin nan, ga aikin gida ga kowa, mai kyamara da marar ita. Ari waya ranar Asabar, ka ɗauki hoto takwas rak daga safe zuwa magariba, ba gogewa, ba dubawa sai dare. Rubuta a littafi lokacin kowanne da inda rana take.

Kai kuma mai tambaya, koma ka sake bincika adakar nan. Idan ka ga wasu baƙaƙen ledoji masu hoton mutane fari a baƙi, baƙi a fari, nagatif ne, kuma har yanzu ana iya fitar da hoto daga jikinsu. Riƙe su ta gefe, ka sa takarda tsakanin kowane biyu, ka kai wa dattawan gida su ɗaga a haske su faɗa maka sunayen mutanen, ka rubuta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɗakin gwaje-gwaje mu ga yadda ake wanke fim mai baƙi da fari, da dalilin da ya sa ruwan wankin yake son digiri 20.