Bayan yunwa, sai kuma sha-ka-fashe?

A wani gidan biki a Birnin Gwari na ga 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara 16, fuska ta yi suntum, wuya ya ɓace. Mata sai guɗa suke: "Tubarkalla, ta murje!" Na ja uwarta gefe, sai ta ce mini, ko a jikinta: "Yaya, 'yar ƙwaya ce daga kemis. So kike dangin miji su ce ba ma ba ta abinci?"

Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Na san tushen tsoron nan. Shekara da shekaru 'yan bindigar dajin Kamuku da Kuyambana suka raba mutanen Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da gonakinsu, yara suka yi ta fama da tamowa. Rama ta zama abin gori. Amma tun da aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu a Nuwamban 2024, masara da wake suka fara dawowa, me muka saka wa 'ya'yanmu da shi? Ƙananan a cika su da taliyar leda da lemon roba, 'yan matan kuma a ɗirka musu sha-ka-fashe.

Wannan ƙwayar, galibi deksametason ce, maganin cuta ne da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Ruwa da kitse take tarawa a jiki, ta kumbura fuska, ta jawo hawan jini da ciwon suga, ta raunana ƙashi, ta tsayar da girman yaro. Kumburi ne, ba ƙibar gaskiya ba. Ko ƙibar gaskiyar ma ba lafiya ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 nauyinsu ya wuce ƙima.

Mai kemis da ke ƙirga wa yarinya ƙwaya a leda, ka ji tsoron Allah. Hukumar kula da magunguna ta NAFDAC, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta buɗe, uzuri ya ƙare. Malamai, ku faɗa a huɗuba. Surukai, ku daina auna amarya da ido kamar saniya a kara.

Yarinyar da ta tsira daga 'yan daji, kada uwarta ta ƙarasa ta da hannunta don gudun bakin mutane.